Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Tsofaffin Sigogin Manyan Fayiloli Ke Salwanta

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a ofishin rajista ya san cewa ba a yage shafi daga fayil ɗin Gwamnati. In an rubuta wasiƙa aka ga tana bukatar gyara, sai a rubuta wata a ɗinke ta a kan ta farko, kowa kuma ya sa hannu da kwanan wata a ƙarƙashin mintinsa. Ta haka ne in gardama ta taso bayan shekara 10, ana iya buɗe fayil a ga abin da kowa ya ce da ranar da ya faɗa. Masu aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, su ma sun ƙago irin wannan tsari nasu, wanda ke riƙe kowace siga ta fayil tun daga ta farko har zuwa ta yau. Ana kiransa tsarin kula da sigogi, kuma alkawarin da ya ɗauka shi ne ba abin da zai ɓace.

To, amma wannan alkawari yana da iyaka, kuma mutane da yawa ba su sanin inda iyakar take sai ranar da suka je neman tsohon abu suka tarar babu. Alkawarin yakan cika a kan ƙananan fayiloli na rubutu. Da an zo kan manyan fayiloli, kamar hotunan bidiyo, da taswirorin safiyo, da hotunan tauraron ɗan'adam, da tulin alƙaluman bincike, sai labari ya sha bamban. A nan sau da yawa abin da tsarin ke riƙewa rasit ne kurum, kayan kuwa suna can a wani sito dabam wanda ba kowa ke leƙawa ba. Tsofaffin sigogi su ne suka fi cin wuri da kuɗi, su ne kuma ba mai tambayarsu yau da gobe, saboda haka su ake fara zubarwa in wuri ya yi ƙunci.

TUN ZAMANIN TEF

Wannan matsala ta girmi kwamfutar da ke kan tebur. A watan Yuli na 1969, sa'ad da 'yan sama-jannatin Amurka na kumbon Apollo 11 suka taka wata, kyamarar da ke tare da su tana aiko da hoto ne bisa wani tsari na musamman wanda akwatunan talabijin na gida ba su iya nunawa. Tashoshin da suka karɓi saƙon a Ostareliya da Kalifoniya sai suka juya shi zuwa tsarin talabijin na yau da kullum, kuma a wajen juyawar hoton ya rage kyau ƙwarai. Abin da duniya ta kalla ke nan. Ainihin saƙon mai kyau kuwa an naɗe shi a kan tef aka ajiye. A 2006 hukumar NASA ta shiga neman waɗannan tef, a 2009 ta ba da sanarwar cewa bisa ga dukan alamu an goge su tuntuni. Suna cikin tef kimanin 200,000 da aka shafe aka sake naɗar wani abu a kansu a shekarun 1970 da farkon shekarun 1980, lokacin da hukumar ta yi ƙarancin tef. Ba wanda ya yi niyyar ɓarna. Wuri ne ya yi kaɗan, aka dubi abin da ya tsufa aka share.

Haka gidan talabijin na BBC a Ingila ya yi tsakanin 1967 da 1978, domin tef ɗin bidiyo a wancan zamani yana da tsada, kuma ba a zaton wani zai sake neman shirin da aka riga aka nuna. Wasan kwaikwayon nan mai suna Doctor Who ya yi fitowa 253 a shekara 6 na farko, amma ya zuwa farkon 2013 fitowa 106 daga cikinsu babu su a taskar BBC. A watan Oktoba na wannan shekara aka ba da sanarwar cewa wani Baturen Ingila mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. A ciki akwai fitowa 11 na 1967 da 1968, waɗanda 9 daga cikinsu an daɗe da fid da tsammanin sake ganinsu. Dalili kuwa shi ne, BBC takan sayar wa tashoshin ƙasashen waje kwafin shirye-shiryenta a kan fim. Rajistar da ke Landan ta san sunan kowace fitowa da ranar da aka nuna ta, amma cikakken kwafi da ke kwance a wata ƙasa mai nisa shi ne ya dawo da abin da aka rasa.

ASALIN TSARIN KULA DA SIGOGI

Masu rubuta manhajar kwamfuta ne suka fara jin bukatar wannan tsari, domin aikinsu gyara ne a kan gyara, kuma kuskuren harafi ɗaya yana iya tsai da na'ura cik. A 1972 Marc Rochkind ya ƙago SCCS a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka. A 1982 Walter Tichy ya fito da RCS, a 2000 aka soma Subversion, sa'an nan a watan Afrilu na 2005 Linus Torvalds, mutumin Finlan da ya ƙago Linux, ya rubuta Git, wanda a yau ya fi kowane tsari yaɗuwa.

Yadda Git ke aiki shi ne, duk sa'ad da ma'aikaci ya gama wani gyara ya shigar da shi rajista, tsarin yakan ba kowane fayil lambar shaida wadda aka lissafo daga abin da ke cikinsa, ya kuma rubuta sunan mai gyaran da lokacin da ya yi. Babban ƙarfinsa kuwa shi ne, duk wanda ya ɗauki kwafin rumbun aiki yakan ɗauke shi ne da dukan tarihinsa. In ma'aikata 20 ke aiki a kan rumbu ɗaya, to akwai cikakken tarihi a kwamfuta 20. Ko da babbar na'urar ajiya ta ƙone ƙurmus, kwamfutar mutum ɗaya ta isa a sake gina komai.

Abin da ya sa wannan ya yiwu shi ne sauƙin nauyin rubutu. In an canza layi ɗaya a littafi mai shafi 500, tsarin yana iya ajiye bambancin kurum, bai sake ajiye littafin duka ba. Saboda haka tarihin shekara da shekaru na rubutu bai cika ɗaukar wuri mai yawa ba.

INDA GIZO KE SAƘA

Bidiyo da hoto da sauti ba haka suke ba. Akasarinsu an riga an matse su tun wajen ƙirƙira, ta yadda ɗan gyara kaɗan yakan birkita jerin lambobin da ke cikin fayil ɗin daga farko har ƙarshe. Tsarin ba ya samun wani ɗan bambanci da zai ajiye, dole ya ajiye sabon fayil ɗungurungum. Hasali ma, a yadda Git ya zo daga masu shi, duk fayil ɗin da ya wuce megabayit 512 ba ya ko gwada neman bambancinsa. A misali, in wata ma'aikata tana da bidiyo mai gigabayit 2 aka gyara shi sau 50, tarihinsa zai kai kusan gigabayit 100, kuma duk sabon ma'aikacin da ya zo sai ya sauke wannan nauyi kafin ya soma aiki.

Shi ya sa kamfanonin da ke ajiye wa jama'a rumbuna suka sa iyaka. GitHub yakan yi gargaɗi in fayil ya wuce megabayit 50, ya kuma ƙi karɓarsa in ya wuce 100. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. A 2017, sa'ad da kamfanin Microsoft ya mai da aikin Windows kan Git, ya tarar da fayil kimanin miliyan 3.5 masu nauyin kusan gigabayit 300, sai da ya ƙera wata dabara ta musamman kafin injiniyoyinsa su iya aiki da rumbun.

RASIT DA SITO

A watan Afrilu na 2015 GitHub ya fito da wata dabara mai suna Git LFS domin magance wannan nauyi. Maimakon a sa babban fayil cikin rumbu, sai a kai shi wani sito dabam, a bar ɗan rasit a gurbinsa. Rasit ɗin layi 3 ne kacal: sunan tsarin, da lambar shaida mai haruffa da lambobi 64, da girman fayil ɗin. Dukansa bai wuce bayit 130 da 'yan kai ba, watau bai kai tsawon cikakken saƙon tes ɗaya na wayar hannu ba. In ma'aikaci ya buɗe aikinsa, na'ura takan karanta rasit, ta je sito ta ɗauko masa ainihin fayil ɗin, shi kuwa bai ma san an yi wannan zirga-zirga ba.

Dabarar ta kawo sauƙi ƙwarai, amma ta cire wani ginshiƙi ba tare da an ji ƙarar faɗuwarsa ba. Wanda ya ɗauki kwafin rumbu yanzu yakan sami dukan rasit na dukan tarihi, amma manyan fayilolin da na'ura ke sauke masa su ne na sigar da ya buɗe kurum. Ma'aikatan nan 20 kowannensu yana da cikakken jerin sunaye, da kwanakin wata, da lambobin shaida, alhali kuwa sigar bara tana iya kasancewa a wuri ɗaya tak a duniya, watau a sito. Mai duba tarihi zai ga komai cif, ba giɓi ko ɗaya. Sai ranar da ya nemi a buɗe tsohuwar siga, na'ura ta je sito ta dawo hannu rabbana, ya tarar da layi 3 na lambobi a inda yake zaton taswira. Lambar shaidar tana iya tabbatar da cewa wani fayil shi ne na ainihi in an same shi, amma ba ta iya sake gina shi, kamar yadda lambar mota ba ta zama mota.

ƘOFOFI HUƊU NA HASARA

Ƙofa ta farko ita ce ƙaura. In ma'aikata ko jami'a ta tashi daga wani kamfanin ajiya zuwa wani, hanyar da aka saba kwafe rumbu baki ɗaya tana kwashe rasit ne, ba ta taɓa sito. Akwai umurni na dabam da ake bayarwa domin a sauke dukan manyan fayiloli na dukan tarihi, da wani kuma na tura su sabon wuri. In an manta da waɗannan, aiki zai ci gaba lami lafiya, domin sigar yau tana kwamfutocin ma'aikata, kuma ba wanda zai lura. Bayan 'yan watanni a rufe tsohon asusu, tsofaffin sigogi su tafi tare da shi. Haka ɗalibin da ya sauke rumbu a ƙunshe daga GitHub domin ya ajiye: in mai rumbun bai ba da izni na musamman ba, abin da ke cikin ƙunshin rasit ne.

Ƙofa ta biyu ita ce sassabe. In faifan kwamfuta ya cika, Git LFS yana da umurnin da ke share tsofaffin manyan fayiloli daga kwamfutar ma'aikaci. Yakan bar waɗanda ake aiki da su, da na kwanakin baya-bayan nan kimanin 10, da waɗanda ba a tura sito ba tukuna. Sauran kuwa yakan share su bisa zaton suna can a sito, kuma ba ya zuwa ya gani da idonsa sai in an umurce shi musamman ya tabbatar. In sito ya riga ya sami matsala, wannan sassabe yana iya cinye kwafi na ƙarshe da ya rage.

Ƙofa ta uku ita ce sake rubuta tarihi. Wani lokaci akan sa wani ƙaton fayil ko kalmar sirri cikin rumbu bisa kuskure, sai a yi amfani da kayan aikin da ke tsame abin daga dukan tarihi, sa'an nan a tura sabon tarihin da ƙarfi ya maye gurbin tsohon. Sigogin da aka yanke daga tarihi sun zama marayu. Git yana da ɗan littafin sirri a kwamfutar wanda ya yi aikin, wanda ke tuna irin waɗannan marayu na kwana 30, sauran abubuwa kuma na kwana 90. Bayan wa'adin ya cika, mai sharar da ke cikin tsarin yakan kwashe su. Wannan ɗan littafi ba ya bin kwafi zuwa kwamfutar wani.

Ƙofa ta huɗu ita ce haya. Sito na wani ne, kuma gwargwadon nauyin kaya gwargwadon kuɗin haya. Takardun bayanin GitHub sun nuna cewa cire babban fayil daga rumbu ba ya cire shi daga sito, yana nan ana lissafa shi, kuma hanyar da aka bayyana ta rabuwa da shi ita ce a rushe rumbun a sake gina sabo. Wanda kuɗin haya ya dame shi yana iya bin wannan hanya cikin gaggawa, ya zubar da mai amfani tare da marar amfani. Bugu da ƙari, mai sito yana iya rufe kasuwarsa. Google Code ya rufe a farkon 2016. Bitbucket ya kawar da rumbunan tsarin Mercurial a 2020, sai da ƙungiyar Software Heritage ta Faransa da abokan aikinta suka yi hanzarin kwashe kimanin 250,000 daga cikin waɗanda ke buɗe ga jama'a. Rumbunan sirri kuwa sai mai abu ya ceci abinsa.

Ko babbar ajiyar da GitHub ya yi domin 'yan baya tana nuna matsayin manyan fayiloli da tsofaffin sigogi. Ran 2 ga Fabrairu, 2020, kamfanin ya ɗauki kwafin rumbunan jama'a mai terabayit 21, aka buga shi a kan naɗin fim 186, aka kai wani tsohon ramin haƙar kwal a tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, da nufin ya shekara 1,000. Ga akasarin rumbuna, sigar ranar kurum aka ɗauka, kuma aka bar fayilolin da ba na rubutu ba waɗanda suka wuce kilobayit 100.

AGOGON KWANA TALATIN

Ma'aikaci ko ɗalibin da bai taɓa jin sunan Git ba kada ya zaci maganar ba ta shafe shi ba. Wuraren ajiya na intanet da ake amfani da su kullum su ma suna riƙe tsofaffin sigogi, amma da wa'adi. A Google Drive, in an ɗora sabon fayil a kan tsoho, ana iya share tsohuwar sigar bayan kwana 30 ko bayan an sami sababbin sigogi 100, sai fa in mai fayil ya sa mata alamar a riƙe ta har abada. A tsarin kyauta na Dropbox ma wa'adin kwana 30 ne.

Haɗarin da ke nan shi ne, kuskure bai cika bayyana cikin wata ɗaya ba. Mai binciken kuɗi yakan zo ne sau ɗaya a shekara. Malamin da ke duba kundin digiri yana iya riƙe babi wata 3 kafin ya dawo da shi, mai jarrabawa daga wata jami'a kuma ya nemi ganin ainihin alƙaluman da aka tattaro shekara 2 da suka wuce. In wani ya goge wasu layuka daga jadawalin albashi a watan Maris, ko fayil ya lalace a ɓoye, na'ura za ta rarraba lalataccen zuwa kowace kwamfuta cikin aminci. Kafin a farga a watan Disamba, sigar ƙwarai ta daɗe da wucewa.

AJIYAR DA BA A GWADA BA

Amsar da akan bayar ita ce akwai ajiyar ko-ta-kwana. Tarihi kuwa ya nuna ba a sanin ingancin ajiya sai ranar da aka nemi a dawo da ita. A 1998, ana cikin shirya fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani umurnin sharewa da aka bayar bisa kuskure ya cinye kimanin kashi 90 cikin 100 na fayilolin fim ɗin. Da aka koma kan tef ɗin ajiya, sai aka tarar ya daɗe ba ya aiki daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya ceci aikin shi ne, ɗaya daga cikin shugabannin sashen fasaha, Galyn Susman, tana aiki daga gida saboda jego, kuma akwai kwafin fim ɗin a kwamfutarta.

Ran 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya share taskar bayanai mai kusan gigabayit 300 bisa kuskure, kafin ya tsai da umurnin saura 4.5. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya 5, amma ba ko ɗaya da aka tarar tana aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka awa 6 kafin haɗarin shi aka dawo da shi, aka yi hasarar bayanan ayyuka kimanin 5,000 da sababbin asusu kimanin 700. Abin lura shi ne, rumbunan Git kansu ba su taɓu ba, domin suna ajiye a wani wuri dabam.

A Jami'ar Kiyoto ta ƙasar Japan kuwa, tsakanin 14 da 16 ga Disamba, 2021, wata 'yar manhaja da aka sa ta riƙa share tsofaffin bayanan aikin na'ura da suka wuce kwana 10 ta kauce hanya, bayan an yi mata gyara tana cikin aiki. Ta share fayil kimanin miliyan 34 masu nauyin terabayit 77, mallakar ƙungiyoyin bincike 14, kuma na ƙungiyoyi 4 ba a iya dawo da su ba. Kamfanin HPE da ke kula da na'urar ya amsa laifin. A nan, tsarin da aka kafa domin tsaron ajiya shi ne ya yi ɓarnar.

GOBARAR DAEJEON

Misalin da ya fi kusa da ma'aikatan Gwamnati ya faru ne a Koriya ta Kudu. Ran 26 ga Satumba, 2025, gobara ta tashi daga batura a cibiyar ajiyar bayanan Gwamnati da ke birnin Daejeon, ta tsai da ɗaruruwan ayyukan hukuma. A cikin abubuwan da suka ƙone akwai G-Drive, wurin da aka ba kowane ma'aikaci gigabayit 30 ya riƙa ajiye takardun aikinsa. Nauyin abin da ke ciki ya kai terabayit 858, kuma babu kwafinsa a wani wuri. Dalilin da jami'ai suka bayar shi ne girmansa ya yi yawa. Ma'aikatar kula da al'amuran ma'aikata ita ta fi jin jiki, domin ta umurci mutanenta su riƙa ajiye takardunsu a can maimakon kwamfutocin ofis. Hujjar da ta sa aka goge tef ɗin Apollo ita ce dai ta sake bayyana bayan shekaru masu yawa: abu ya yi girma, ajiye na biyu da tsada. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, wajibi ne kowane ofis ko sashen jami'a ya san waɗanne fayiloli ne manya, da inda ainihin jikinsu yake, da sunan wanda ke biyan hayar wurin. Asusun ajiya ya kasance da sunan ofis, kada ya kasance da sunan ma'aikaci ɗaya wanda za a iya yi wa canjin wurin aiki gobe, kuma bayaninsa ya shiga takardar miƙa aiki.

Na biyu, a bi ƙa'idar 3-2-1 wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi 3, a kan kayan ajiya iri 2, ɗaya daga ciki a wani gini ko gari dabam. Ga masu Git LFS, kwafin bai cika ba sai an ba da umurnin sauke dukan manyan fayiloli na dukan tarihi. Akwai kuma tsarin git-annex wanda Joey Hess ya soma a 2010, wanda ke rubuta inda kowane kwafi yake, ya kuma ƙi share fayil sai ya tabbatar da akwai adadin kwafin da aka gindaya a wasu wurare. Duk da haka, wanda ya tilasta masa zai share.

Na uku, a riƙa gwaji. Ko da sau ɗaya a wata 3, a ɗauki kwamfutar da babu komai a cikinta, a zaɓi wata sigar bara, a nemi dawo da ita daga ajiya, a buɗe ta a gani. A lokacin ƙaura kuwa, kada a rufe tsohon asusu sai an ƙirga fayiloli an gwada lambobin shaidarsu a sabon wuri.

Na huɗu, tun da ba zai yiwu a riƙe kowace siga ta kowane bidiyo har abada ba, a rubuta ƙa'idar abin da za a riƙe. Ainihin bayanan da aka tattaro daga fili, da sautin hirar bincike, da sigar da aka sa wa hannu ko aka miƙa, waɗannan a keɓe su, kada a taɓa ɗora gyara a kansu, a yi aiki da kwafinsu. Sigogin tsaka-tsaki ana iya rage su bayan wa'adin da ya zarce zagayen binciken kuɗi ko na jarrabawa. Kamar yadda ba a zubar da kayan Gwamnati daga sito sai kwamiti ya duba ya sa hannu, haka ya kamata share tsofaffin sigogi ya zama shawarar da aka rubuta, wadda mutum 2 suka sa wa hannu, kada a bar ta a hannun wanda faifansa ya cika da tsakar dare.

Kuɗin faifai na biyu abu ne da ake gani a kasafi, a yi ta gardama a kansa. Kuɗin sake yin safiyon wata ƙaramar hukuma, ko sake hira da dattijon da ya riga ya rasu, ba ya fitowa a takarda sai bayan aikin gama ya gama. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in tana cikin tulun a ranar da ciwo ya zo.